Zanen Yesu a bangon ajin yara: gunki ne ko wa'azi?

Ishaku Mai Zane: Salama 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya tsaya min a rai tun ranar Lahadi ban yi barcin kirki ba. Kwamitin makarantar Lahadi na ikilisiyarmu ne suka ce in yi musu zane a bangon ajin yara, wurin nan na Markus 10 da Yesu ya ce a bar yara ƙanana su zo wurinsa. Sati 3 ina kai, rabin fentin ma da kuɗina na saya. Na zana shi zaune kan tabarma a gindin tsamiya, fatarsa irin tamu, da farar riga 'yar shara, yara sun kewaye shi wata da kitso wani riƙe da tayar keke da yake garawa, iyaye mata a tsaye daga baya da goyo, almajiran kuma sun ɗaure fuska suna ƙoƙarin korarsu. To bayan sujada dattawa suka shiga suka gani, aka kira ni ofis aka ce in shafe. Ɗaya ya ce gunki ne, ɗaya ya ce na mai da Ubangiji baƙin mutum, wani kuma ya ce ya yi kama da malamin tsangaya da almajiransa. Abin da ya fi damuna shi ne a ofis ɗin da aka zaunar da ni akwai kalanda a rataye da hoton Yesu Bature mai gashi har kafaɗa, shekara da shekaru yana nan ba wanda ya taɓa cewa uffan. Ni ba rigima nake nema ba, dattawan nan iyayena ne. So nake in gane, zunubi na yi? In zunubi ne da hannuna zan shafe in tuba.

Rifkatu: Ni ce ke koyar da ajin, bari in faɗi abin da naga da idona. Ranar da yaran suka shigo suka tarar an gama, ban ma buɗe Littafi ba wani yaro ɗan shekara 6 ya nuna almajiran yace Anti me yasa waɗannan suke fushi, meye yaran suka yi musu? Daga nan darasi ya fara, minti 40 ba wanda ya nemi fita fitsari, ni da nake fama dasu kullum nasan abin da nake faɗa. Shekara 9 ina koyar da wannan ayar ban taɓa samun tambaya irin wannan ba.

Baba Yohanna: Ishaku ɗana, sannu da aiki, Allah ya ba ka hannu kuma ba na shakkar niyyarka. Amma ni ina tare da dattijon da ya ce a shafe. Fitowa 20:4 ba ta da wuyar ganewa, kada ka yi wa kanka siffar wani abu da ke sama ko ƙasa ko cikin ruwa. Ku yaran yanzu a coci aka haife ku. Ni mahaifina shi ne mai riƙe da ɗakin tsafin gidanmu, ina da wayo lokacin da ya tuba ya fito da kayan tsakar gida ya cinna musu wuta yana kuka. Itace ne fa da ƙasa, shi da kansa ya san wanda ya sassaƙa su, amma duk da haka shekara 40 yana durƙusa musu. Abin da ido ya saba gani zuciya tana bin sa. Kuma kada ka ce na yi son kai, kalandar nan ma da ni ne a sauke ta tun jiya.

Danjuma Takum: Baba ya faɗi gaskiya. Mu da muka tashi a ikilisiyar CRCN tun muna ajin baftisma aka koya mana Katekizim na Haidelbag na 1563, littafin koyar da bangaskiya ta tambaya da amsa, tambaya ta 96 zuwa 98 duk a kan wannan ne. Ta 98 ɗin ma kamar don ajin Rifkatu aka rubuta, an tambaya ko ba za a bar hotuna a majami'a su zama littafin waɗanda basu iya karatu ba, amsar ita ce a'a, kada mu nemi fin Allah hikima, shi da wa'azin Maganarsa mai rai yake so a koyar da jama'arsa. Sannan ku duba Maimaitawar Shari'a 4:15, Musa ya tuna musu cewa ranar da Ubangiji ya yi magana a Horeb basu ga wata siffa ba, murya kawai suka ji. Ga kuma tambayata ga Ishaku, Yesu Allah ne kuma mutum ne, to burushinka wanne ya zana? Allahntaka bata zanuwa. In kuma mutuntakar kawai ka zana to ka raba abin da bai rabuwa.

Ishaku Mai Zane: Yaya Danjuma wannan tambayar ta fi ƙarfina gaskiya. Rabaran Bulus in kana kusa ka taimaka.

Rabaran Bulus: Ina nan, ina ta karantawa. Danjuma, tambayar da ka yi ta girme mu duka da fiye da shekara 1,200, kusan da kalmominka aka yi ta a wani taron bishop-bishop a Hiyeriya a 754, lokacin da sarakunan Rumawa na gabas suke farfasa hotuna a majami'u. Rikicin ya faro wajen 726 zamanin Sarki Liyo na 3, an zub da jini a kai, taron Nikiya na 2 a 787 ya maido da hotunan, aka sake hanawa, bai lafa ba sai 843. Don haka kada kowa ya ɗauka dattawan su Ishaku jahilci ne ya sa su, tsohuwar muhawara ce ta masu tsoron Allah a ɓangare biyu.

Wanda ya fi kowa amsa ta shi ne wani malamin ikilisiya, Yohanna na Dimashƙu, kuma abin lura a ƙarƙashin mulkin halifofin Umayyawa ya rayu, mahaifinsa babban ma'aikaci ne a fadar Dimashƙu, wato Kirista ne mai zama cikin Musulmi kamar da yawanmu. Shi bai musa ayar da Danjuma ya kawo ba. Cewa ya yi ƙwarai a Horeb ba a ga siffa ba, shi ya sa aka hana, don wanda ba shi da jiki ba a zana shi. Amma Yahaya 1:14 ta zo daga baya, Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu, aka gan shi, aka taɓa shi, ya ji yunwa, ya yi barci a cikin jirgi. Yohanna na Dimashƙu ya ce shi ba itace ko fenti yake yi wa sujada ba, Mahaliccinsu yake yi wa, wanda ya yarda ya ɗauki jiki saboda shi. Game da raba Allahntaka da mutuntaka kuwa, ka tuna Bitrus da ya kalli Yesu a bakin tekun Galili idonsa bai ga Allahntaka ba shi ma, mutum ya gani, amma wanda ya gani ɗin Ɗan Allah ne. Idon Bitrus bai raba shi ba. Ni a ganina duk wanda ya ce sam ba zai yiwu a zana Yesu ba, ya yi hattara kada ya wayi gari yana da Yesun da bai taɓa taka ƙasa ba.

Baba Yohanna kuma, ranka ya daɗe, da girmamawa, a ci gaba da karatun Fitowa 20 zuwa aya ta 5, kada ka rusuna musu kada ka bauta musu. Allahn da ya ba da wannan doka shi ne a sura ta 25 ya ce a ƙera kerubobi 2 na zinariya a kan akwatin alkawari, a sura ta 31 kuma ya kira Bezalel da sunansa ya ce ya cika shi da Ruhunsa don aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar dutse da itace. Mai aikin hannu ne fa aka faɗa wa haka, ba firist ba.

Baba Yohanna: Rabaran na ji, kuma na san Bezalel. Amma tunda ka buɗe Littafi mu ƙarasa. Macijin tagulla ma Allah ne ya ce Musa ya yi, Littafin Ƙidaya 21, ya kuma ceci mutane da shi. Ina ya ƙare? 2 Sarakuna 18:4, sai da Hezekiya ya farfashe shi don jama'a sun koma ƙona masa turare. Wanda ya yi shi bai yi da nufin gunki ba, jikoki ne suka mai da shi. Ishaku ba zai rayu har abada ya riƙa tsayawa gaban bangon yana bayani ba.

Rabaran Bulus: Wannan hujja ce mai nauyi Baba, ban da amsar da za ta share ta. Abin da kawai zan ce, Hezekiya ya fasa shi ne saboda turaren da ake ƙona masa, bai ce Musa ya yi zunubi da ya ƙera ba.

Fidelis Kafanchan: Bari ɗan Katolika ya sa baki tunda kullum mu ake nunawa da yatsa in an zo maganar nan 🙏 Mu ana koya mana tun a katikis cewa girmamawa daban sujada daban. Hoton marigayiya mamata yana falo na, wani lokaci in tsaya gabansa har hawaye ya zo, ban taɓa ɗauka takardar ce mamata ba. Kuma maganar zana shi da irin fatarmu ba yau aka fara a Najeriya ba, a 1947 Fada-fada na ƙungiyar mishan ta SMA suka buɗe wurin aikin hannu a Oye-Ekiti, Fada Kevin Carroll ya tara masassaƙan Yarbawa irin su George Bandele da Lamidi Fakeye, suna sassaƙa Maryamu da goyo a baya da masanan nan na gabas cikin shigar sarakunan Yarbawa. Fakeye ma Musulmi ne. Kuma kunsan wa ya fi ƙin aikin? Kiristocin wurin da yawa basu so ba, sun fi son na Turai da aka saba, a 1954 aka rufe wurin. Yanzu kayan suna gidajen tarihi ana alfahari dasu. Ishaku abin da ya same ka ya samu waɗanda suka riga ka.

Kefas: Maganar gaskiya wannan duk ragowar mulkin mallaka ne a ƙwaƙwalwa. Bature ya tafi tun 1960 amma dattawanmu har yau in ba fari bane ba mai tsarki bane. Hoton kalandar nan wani mai zanen talla ne a Shikago, Warner Sallman, ya yi shi a 1940, aka buga miliyoyi aka raba wa sojojin Amurka lokacin yaƙin duniya na 2, shine muka rataya kamar daga sama ya sauko. Irin dattawan nan ne ke korar matasa daga coci.

Admin Hannatu: Kefas bayaninka kan hoton ya yi amfani amma jimlar ƙarshe ka janye ta. A guruf ɗin nan ba ma yi wa iyaye haka, kuma ka ji da kunnenka Baba yace kalandar ma a sauke.

Kefas: Na janye. Baba ka yi haƙuri, zafin abin ne.

Baba Yohanna: Ba komai ɗana, ya wuce.

Mama Saratu: 'Yata ce take rubuta min ina faɗa mata. Ni ban yi makarantar tauhidi ba amma shekara ta 46 a Zumuntar Mata. Lokacin da muke 'yan mata a ƙauyenmu ba a shiga majami'a da ganga, an ce ta dodo ce, sai dai mu buɗe littafin waƙoƙi mu ja waƙar Turawa da aka juya da Hausa, muna yi muna hamma. Iyayenmu mata ne suka fara shigo da tulu, tulun ɗiban ruwa dai da kuka sani, ana buga bakinsa, da kacau-kacau, suna ƙaga waƙoƙinsu daga ayar da aka yi wa'azi a kai. An kai ƙararsu wurin dattawa ba sau ɗaya ba. Yau wane taro za a yi ba mu fito da tulunmu ba? Matan da basu san ko bihim ba sun haddace labarin Rut da Hannatu da matar nan ta bakin rijiya duk ta waƙa. To ni abin da na gani shi ne abin da aka ce na Shaiɗan ne jiya, da aka wanke shi aka miƙa wa Ubangiji ya karɓa. Ku bar yaron nan ya miƙa nasa.

Baba Yohanna: Mama Saratu ina cikin waɗanda suka yi murna da tulu, amma kunne daban ido daban. Romawa 10:17 ta ce bangaskiya ta wurin ji take zuwa. Waƙa in an gama ta wuce, sai maganar ta zauna a zuciya, ba wanda zai durƙusa wa waƙa. Hoto kuwa yana nan a bango dare da rana. Kuma ko a kiɗan ma ai ba komai muka shigo da shi ba, har yau a wurinmu ba a kawo goge ba saboda kowa ya san inda ake kaɗa shi.

Rabaran Bulus: Abin mamaki Baba, a zamanin gyaran ikilisiya wasu ko kunnen ma basu amince masa ba. Zuwingili, jagoran gyaran a birnin Zurik, gwanin kiɗa ne sosai, amma a 1524 aka kwashe hotuna daga majami'un birnin, waƙa da molon majami'a ma aka dakatar. Kalbin a Janiba ya yarda da rera Zabura amma ba kayan kiɗa. Martin Luta kuwa da ya ji an fara farfasa hotuna a Witinbag a 1522 sai ya baro maɓoyarsa ya dawo ya yi wa'azi kwana 8 a jere yana cewa a fara cire gunkin daga zuciya ta wurin Magana, kuma amininsa Lukas Kiranak mai zane ne. Yawancin 'yan mishan da suka zo mana, ƙungiyar SIM tun 1893 da ta SUM tun 1904, daga ɓangaren masu barin bango ba hoto suka fito, shi ya sa muka gaji majami'a ba hoto. Amma sun zo da hotunan koyar da yara da kalanda, a nan Yesu Bature ya shigo ta taga ba tare da an taɓa zama an tattauna shi ba.

Yakubu Marwa: Gaisuwa daga Kamaru. Ishaku ka nemi hotunan da ake kira Yesu Mafa a intanet. Mafa ƙabila ce a duwatsun Mandara wajen Mokolo, suna nan ta ɓangarenku ma a kan iyaka. Daga 1973 jama'ar ikilisiya a can suka riƙa karanta labarin bishara suna yin wasansa a ƙauye yadda suka fahimta, ana ɗaukar hoto, daga baya aka zana fiye da 60 tun daga haihuwa har Fentikos. Yesu baƙi da jar riga, bukkoki masu tsinin kai, jibin Ubangiji da ƙwarya. Ni da su na koyi bishara ina yaro. Amma in faɗi gaskiya wadda ta yi zanen 'yar Faransa ce, ba Mafa ba, wannan ya daɗe yana min ciwo, shi yasa da naga ɗanmu ne da kansa ya ɗauki burushi naji daɗi har raina.

Talatu: Ni dai inada matsala da ɓangare biyun. Yesu ba Bature bane amma kuma ba Bahaushe bane ba Mafa bane, Bayahude ne daga zuriyar Dawuda, an haife shi a Baitalami zamanin Augustas, an gicciye shi a hannun Bilatus. Rabaran kai kace ya zama mutum, to ai mutum guda ya zama a wuri guda, ba kowane mutum ba. In muka cire ƙaryar Turawa muka sa tamu me muka gyara? Ɗana in ya girma yana zaton a gindin tsamiya akayi abin fa?

Rabaran Bulus: Talatu kin taɓa inda ke da wuya, kuma ban yarda a wuce maganarki da sauri ba. Zama mutum ɗin da ya ba mu izinin zana shi, shi ne kuma ya ɗaure mu, don ba mu muka zaɓa masa dangi ba. Duk koyarwar da ta cire Yahudancin Yesu ta ɓata, an gwada a Jamus zamanin Hitila an ga inda ta kai. Amma ga abin da nake tunani. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, a ciki Yesu yana cewa hakika ina gaya muku, da Hausa, alhali bai taɓa furta kalmar Hausa ko ɗaya ba. Ba wanda ya ce ƙarya aka yi masa, mun san juyi ne, kuma Baitalami tana nan Baitalami ba a mai da ita Bukuru ba. Zane iri biyu ne. Akwai mai cewa ga yadda abin ya faru, wannan dole ya bi tarihi. Akwai mai cewa ga abin da ya faru ɗin yake nufi a gare ku, wannan juyi ne da launi. Kiristocin Habasha ɗaruruwan shekaru suna yin na biyun. Laifin hoton kalanda shi ne juyi ne na mutanen Amurka amma aka kawo mana shi a matsayin na farkon. Kuma bishara 4 ba wadda ta faɗi tsayinsa ko launinsa, Ishaya 53:2 ma cewa ta yi ba shi da kyan ganin da zai ja mu. Agustin, tsohon malamin ikilisiya ɗan Afirka ta Arewa, ya rubuta cewa kowa da irin fuskar Ubangiji da yake sawwalawa a ransa ko da yake fuskar tasa ɗaya ce. Ko an shafe bango, yaran Rifkatu za su zana shi a zuci, tambayar ita ce da wane fenti.

Talatu: To in haka ne sai malamar aji ta riƙa faɗa musu a fili cewa wannan juyi ne, kuma a nuna musu taswira.

Rifkatu: Wannan kam na ɗauka, akwai taswirar ƙasar Isra'ila a bayan Littafina zan sa a buga babba a manna kusa da zanen.

Ishaku Mai Zane: Anti Talatu ban taɓa nufin cewa haka kamanninsa suke ba. A Zariya na yi karatun zane, a can muka karanta su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suna cewa a haɗa abin da aka koya daga waje da na gida. Onobrakpeya ya zana Hanyar Gicciye wa wata majami'ar Katolika a Ebute Metta a Legas, mutanen ciki duk 'yan ƙasa, masu gicciyewar kuma da kakin zamanin mulkin mallaka, ranar da na fara ganin hotunan aikin ne na gane cewa da ina wurin da ni ma ina cikin taron. Kuma duk wanda ya taɓa shiga majami'ar Bartalamawus ta Wusasa, ginin ƙasa irin na maginan Hausa tun 1929, ya san yadda mutum ke ji in ya tarar da Ubangiji a ɗaki irin na gidansu. Abin da na so yaran su ji ke nan, cewa da a unguwarmu ya sauka su ma da ya ɗauke su a cinya.

Habila Maraɗi: 'Yan'uwa akwai abu ɗaya da ba a taɓa ba. Bangon nan ana hango shi daga waje? Mu nan Nijar ba mu manta Janairun 2015 ba, zanen da aka yi a wata jarida a Faransa, mu da ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana 2. Ban kawo wannan don tsoratarwa ba, kuma maƙwabcina Musulmi ne ya kwana a ƙofar gidana a lokacin. Amma su Annabi Isa ne a wurinsu, kuma zana annabi abu ne mai zafi a gare su. Mutumin da nake so in gaya masa bishara in ya leƙo ya ga haka, ƙofar da na daɗe ina ƙwanƙwasawa ta rufe. Mu Hausawa Kirista dama kullum ana ce mana mun bi addinin Turawa masu gumaka.

Ishaku Mai Zane: A ciki yake Malam Habila, ajin yana bayan majami'a cikin katanga, sai wanda ya shiga. Amma na ji maganarka, da a waje ne ba zan fara ba.

Fidelis Kafanchan: Ni kuma a ganina in ana ce muku addinin Turawa, ai Yesun kalanda ne ke tabbatar musu da zargin, ba na Ishaku ba.

Habila Maraɗi: Haka ne, amma su ba launin ne damuwarsu ba, zanawar ce.

Ishaku Mai Zane: Ga inda aka kwana. Jiya da yamma na je gidan dattijon da ya ce gunki ne, na kai masa gaisuwa muka zauna har bayan 9. Ashe labarinsa kusan irin na Baba Yohanna ne, kakarsa ce ta rene shi kuma 'yar bori ce. Ya ce shi yaran da matan da bishiyar basu dame shi ba, fuskar ce, ba ya so jikarsa ta rufe ido tana addu'a ta riƙa ganin fuskar da ni Ishaku na ƙaga. Na rasa abin cewa don ni ma in na rufe ido har yau na kalanda nake gani. Na karanta 1 Korantiyawa 8 da dare, inda Bulus ya ce gara ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe. Abin da zan kai wa majalisar dattawa ranar Asabar shi ne in juya shi, a gan shi ta baya ya ɗan karkata, hannunsa a kan yaro, fuskokin yaran su ne za su fuskanci mai kallo. Fatar hannun da wuyan dai ba zan canza ba. Dattijon ya ce shi da kansa zai kawo maganar kalandar a zaman.

Danjuma Takum: Da wannan zan iya zama a ajin, ko da yake da ni ne da misalai kawai za ka zana, mai shuka da ɓataccen ɗa da Basamariye, su labarai ne ka sa musu rigar da ka ga dama.

Rifkatu: Ni kam raina bai so ba. Yaran sun riga sun ga yana musu murmushi, ranar Lahadi su zo su tarar ya juya musu baya me zance musu?

Rabaran Bulus: Ni ma Rifkatu da za a bi tawa da an bar fuskar, don 2 Korantiyawa 4:6 a fuskar Almasihu ta ce muke ganin ɗaukakar Allah. Amma ba ni ne makiyayin wurin ba, kuma Ishaku ya je ya zauna da mutumin ya ji ciwonsa, mu a waya muke magana. Ishaku ka ɗauki hoton na yanzu da kyamara mai kyau kafin ka taɓa shi, ka ajiye.

Baba Yohanna: Ishaku turo min hoton ta waya, ina ta magana a kan abin da ban gani ba.

Ishaku Mai Zane: Na tura Baba.

Baba Yohanna: Na gani. Kan fuskar ra'ayina yana nan inda yake. Amma ka gaya wa dattawanku in ji ni kada a taɓa tsamiyar da matan nan. Wadda ke tsaye ta hagu da goyo ta riƙe haɓa, haka uwata take tsayawa a bakin ƙofar majami'a kafin ta yarda ta shiga. Ƙarfe nawa ne zaman naku?

Ishaku Mai Zane: 10 na safe Baba.

Mama Saratu: Muna da bitar waƙa a lokacin, zan sa mata mu tsaya mu yi addu'a tukuna.